Zaren Giwa Biyu da Shari'ar Sojan Gona

A kasuwannin Bombay na shekarun 1870, masaƙi ba ya shiga rumfa ya ce a ba shi zaren Archibald Orr Ewing. Ko biyansa aka yi ba zai iya furta sunan ba. Cewa yake a ba shi "giwa biyu". Jan zare ne da ake rinawa a Sikotland, kusa da birnin Gilasgo, a ɗaure shi dami-dami, a manna wa kowane dami 'yar takarda mai kusurwa uku ɗauke da zanen giwaye biyu. Rinin ba ya zuba, ko an wanke ko rana ta doke shi, shi ya sa masaƙa suka riƙe shi. Sunan kamfanin yana nan rubuce da Turanci a jikin takardar, amma ba wanda ya damu da shi. Giwayen su ne sunan.

Ana nan sai wani kamfani mai suna R. Johnston ya fara tura nasa jan zaren, shi ma da giwa biyu a goshi. Ya ɗan sauya zanen, ya kuma rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. Da magana ta je kotu, hujjarsa ke nan: a jera takardun biyu, kowa zai ga ba ɗaya ba ne, kuma manyan dillalan da ke sarin zaren sun san na wanda suke saye. A 1882 shari'ar ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli. Alƙalan suka yi watsi da hujjar. Suka ce ba dillali ne abin dubawa ba. Mutumin da zaren zai ƙare a hannunsa shi ake ji, wanda bai iya karatun Turanci ba, wanda kuma ba zai taɓa ganin takardun biyu a jere ba. Shi dai abin da ke kansa giwa biyu ne. Wanda ya miƙa wa dillali makamin yaudara, ba zai ce hannunsa fes yake ba. Aka hana Johnston amfani da zanen.

Duk wanda aka taɓa aika kanti yana yaro, a Kano ko a Damagaram, ya san wannan masaƙin ko da bai taɓa jin labarinsa ba. Sigari mai zobe, mai basukur, sabulu mai agwagwa, batir mai kan damisa: da hoto ake kiran kaya, haruffan kuwa ado ne. Kalmar tambari ma da ake amfani da ita yau ga alamar kamfani, asalinta gangar sarauta ce, wadda ba kowa ake kaɗa wa ba. Hausa ta zaɓi kalmar da kyau, domin rigimar duka a kan wa ke da ikon kaɗawa take.

Dokar da ta tsare giwayen nan ta daɗe tana rarrafe kafin ta miƙe. A Ingila ta da, don a san wanda za a kama ake sa alama a jikin kaya, talla ba ta cikin lissafi. Tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya sa doka cewa kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada su an buga musu kan damisa. Maƙeran wuƙaƙe na Sheffield, da suka samu ƙungiyarsu a hukumance a 1624, suna da littafin da ake shigar da alamar kowane maƙeri. In wuƙa ta fito da aibi, ba sai an yi dogon bincike ba. A hankali abin da aka ƙirƙira don hukunci ya rikiɗe ya zama dukiya, domin alamar gwani ita mutane ke nema.

Shari'a mafi tsufa da aka gano a kan satar alama ta 1584 ce, kuma a kan tufafi aka yi ta. Wani mai saƙa ulu ya ce shekara 12 yana yin ƙyalle mai kyau, yana sa masa haruffan J.G. da wata alama, har 'yan kasuwa na gida da na waje suka daina warware kayansa su duba, da sun ga alamar sai su biya. Sai wani mai suna Samford ya shekara biyu yana buga alamar a kan ƙyalle maras kyau, sunan mai asali ya ɓaci. Kan alƙalai ya rabu a kan ko akwai ƙara a nan. Da labarin ya nutse, ba don wani alƙali mai suna Doderidge ya tuno shi a 1618 ba, a tsakiyar wata shari'a ta daban a kan duwatsun ado na jabu da aka kai aka sayar wa wani sarki a Arewacin Afirka. Masu rubuta rahoton kotu ma ba su daidaita a kan abin da ya ce ba: wani ya rubuta mai saƙar ne ya kai ƙara, wani ya ce mai sayen ne. Sai a shekarun 1970 masanin tarihin shari'a John Baker ya tono ainihin takardun. Fiye da shekara 350 ke nan lauyoyi suna jingina da tunanin mutum ɗaya.

Ƙa'idar ta fito fili a 1842, a bakin wani alƙali, Lord Langdale, a rigimar man gashi. Wani mai turare a Landan, Perry, yana sayar da man da ya raɗa wa Medicated Mexican Balm, sai abokin gasarsa Truefitt ya fito da nasa da wannan suna, a kwalba mai kama da tasa. Alƙalin ya shimfiɗa maganar da har yau ake ginawa a kanta, cewa mutum ba shi da damar sayar da kayansa da sunan na wani ne. Amma Perry bai tafi da nasara ba. An gano shi ma ƙarya yake shirgawa a tallarsa, yana cewa haɗin na wani babban masanin Jamus ne, da tsirran Meziko, alhali daga hannun wani mutum a Ingila ya saye shi. Kotu ta ƙi ba shi umarnin hanin da ya nema, don ba ta taya maƙaryaci tsare ƙaryarsa.

Wannan ita ce ƙarar da Hausa za ta kira sojan gona: kaya ya sa rigar wani ya shiga kasuwa. Tana da nauyi a kan mai ƙara. Sai ya kawo shaidu sun tabbatar mutane sun san alamarsa, sun kuma san tasa ce. Gobe wani ya sake kwaikwayo, a sake tara shaidu daga farko. Attajiran Sheffield suka yi ta ƙorafi, suna nuna Faransa da ta yi dokar alamun kasuwanci tun 1857. A 1862 majalisa ta mai da jabun alama laifi, amma ta ƙi buɗe rajista. Sai a 1875 ta sakko.

Ofishin rajistar ya buɗe a Landan ranar 1 ga Janairu 1876. Ana ba da labari cewa kamfanin giya na Bass ya tura ma'aikacinsa ya kwana a bakin ƙofa cikin sanyin daren sabuwar shekara don kada wani ya riga shi. Ko ya kwana ko bai kwana ba, lamba ta ɗaya a littafin ta Bass ce, jar alama mai kusurwa uku, kuma har yau rajistar tana raye. Shekara shida bayan haka mai zanen nan na Faransa, Manet, ya zana wata mashaya ta Paris, sai ga kwalabe masu jar alamar a kan teburi. Ba a ga sunan sosai, amma kowa ya gane su.

Inda aka sha wuya shi ne wajen masu yadi. Kowane ɗan kasuwar Manchesta yana da takardun hoto da yake mannawa a kan bandir, wannan na Indiya, wannan na Sin, wancan na gaɓar Afirka ta Yamma: giwaye, damisoshi, jiragen ruwa, sarakuna. Dole aka buɗe musu ofishi na musamman a Manchesta, alamu dubun-dubata suka kwararo, da yawa suna kama da juna kamar an tsaga kara. Aka naɗa kwamitin masana sana'ar su tace wanne na mutum ɗaya ne, wanne kuma ya zama na kowa da kowa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma har yau a rabe take. Mai rajista takarda yake miƙawa: ga alamata, ga tasa, ga irin kayan. Ba ya buƙatar tara jama'a su rantse sun san shi. Wanda ba shi da rajista kuwa an rufe masa wannan ƙofa, amma alƙalai ba su yarda a rufe tsohuwar ba.

An ga haka a 1896. Frank Reddaway na Manchesta yana yin bel ɗin da ke juya injinan masana'antu, yana sayar da shi da sunan bel ɗin gashin raƙumi, har da hoton raƙumi, ana kai shi Indiya da sauran ƙasashe masu zafi. Wani tsohon ma'aikacinsa, Banham, ya buɗe nasa, ya buga wannan suna. Hujjarsa mai ƙarfi ce: bel ɗina da gashin raƙumi aka yi shi, gaskiya na faɗa, kuma ba wanda ya mallaki kalmomin yau da kullum. Kotun ƙoli ta ce duk da haka. A kunnen masu saye sunan ya riga ya tashi daga bayanin kaya, ya koma nufin kayan Reddaway. Ana iya yaudara da magana wadda kowace kalmarta gaskiya ce. Banham zai iya faɗin da me ya yi bel ɗinsa, amma sai ya bambanta shi a fili.

Wannan gado Najeriya ta karɓa ɗungurungum, tare da sauran dokokin Ingila da ke aiki ranar 1 ga Janairu 1900. A shekarar aka yi wa Kudu dokar rajistar alamu, bayan haɗewar 1914 kuma ta game ƙasa. Ba don kare maƙerin Bida ko marinin Kura aka kawo ta ba. Kamfanonin Turawa ne ke tsaron junansu a kasuwar da suke rububi. Su marina da masaƙa da tasu hanyar: sunan gari shi ne shaida, wanda aka kama da algus kuwa sarkin kasuwa da alƙali suna nan.

Shari'o'in farko sun nuna haka. A farkon shekarun 1930 kamfanonin taba biyu na Birtaniya suka gurfana a Legas. Ɗaya yana sayar da sigari mai suna Bandmaster, da hoton Bature cikin kakin shugaban 'yan badujala. Ɗayan, Carreras, ya kawo Barrister, da hoton Bature cikin rigar lauya da hularsa. A Landan ba mai haɗa ɗan badujala da lauya. A kasuwar Legas ta lokacin kuwa, ga wanda ba ya karanta sunan, kwali ne mai Bature, wannan ma kwali ne mai Bature. Kotu ta hana Carreras. Masaƙin Bombay ne ya sake bayyana, da wata rigar.

Da 'yan ƙasa suka shiga masana'antu sai rigimar ta dawo tsakaninsu. A 1959 gidan burodin De Facto a Legas ya yi nasara a kan wani da ya naɗe burodinsa a takarda mai ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa irin tasa, ko da yake sunan da ke jiki, Odus, daban ne. A 1961 kantin magani na Niger Chemists ya kai ƙarar wasu da suka buɗe Nigeria Chemists a titi ɗaya da reshensa na Anaca. Harafi biyu ne tsakani, kotu ta ce ba su isa ba. Kano ma ta ga nata: a 1972 babbar kotun jihar ta saurari ƙarar masu mintin Trebor a kan kamfanin da ya fito da Minta Supermint a ƙunshi mai kama da nasu, ta kuma ce an yi sojan gona. Abin da yaro ke saye da kwabo a bakin makaranta ya tara manyan lauyoyi.

Dokar da ke aiki yanzu ta 1965 ce, an kwafo ta kusan layi-layi daga ta Ingila ta 1938, wadda su Ingilan suka ajiye tun 1994. Ana rajista a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar ciniki da masana'antu. Ana buga alamar a mujallar ofishin, a ba duk mai ja wata biyu ya fito. In ta wuce, shekara bakwai ce ta farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Sashe na uku ya ajiye hanyoyin nan biyu a jimla ɗaya: ba ƙarar keta tambari ga wanda bai yi rajista ba, amma wannan bai taɓa haƙƙinsa na ƙarar sojan gona ba.

A nan 'yan kasuwa da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar kamfanoni, ko ya samu lambar NAFDAC, sai ya ɗauka ya mallaki tambari. Bai mallaka ba. Wani kuma ya riƙe takardar da ofishin rajista ke bayarwa cewa an karɓi buƙatarsa, ya sa ta a firam. Kotuna sun sha faɗa cewa wannan takarda ba shaidar rajista ba ce.

Rajistar kanta ba ta rufe abin da ba a rubuta a cikinta ba. Kamfanin Ferodo na Ingila, mai yin birkin mota, ya kai ƙarar Ibeto na Nnewi saboda ya zuba birkinsa, Union Supa, a kwali mai ja da baƙi da fari. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce abin da Ferodo ya mallaka kalmar Ferodo ce, launukan kwalin kwalliya ce kawai, kuma ba mai ɗaukar Union ya zaci Ferodo ne. Mai tunawa da giwa biyu yana iya ɗaga gira a nan, domin makanike a bakin titi da launin kwali yake miƙa hannu. Sai a 2023, da dokar sauƙaƙa kasuwanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka faɗaɗa ma'anar tambari ta haɗa da siffar kaya, da ƙunshinsa, da haɗin launuka, aka kuma shigar da ayyukan hidima a fili.

Akwai ma shekarun da wanda ba shi da rajista bai san ƙofar kotun da zai ƙwanƙwasa ba. A 2003, a shari'ar gashin kanti tsakanin Ayman da Akuma, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraren sojan gona in tambarin ba shi da rajista. Duk shekarun da aka kwashe ana shari'a suka tafi a banza. A 2007, a rigimar dutsen wasa daɓe mai suna Super Rocket tsakanin Omnia da Dyktrade, Kotun Ƙolin ta ce Babbar Kotun Tarayya tana da hurumi.

In mutum ya samu kotun, abu uku zai tabbatar, kamar yadda Lord Oliver ya tsara su a 1990 a shari'ar Jif, ruwan lemon tsami da ake sayarwa a Ingila cikin roba mai siffar lemon: cewa kayansa na da farin jini a ƙarƙashin wannan alama, cewa wancan ya yi abin da zai sa jama'a su zaci kayansa ne, da kuma cewa ya yi asara ko yana dab da yi. A shari'ar, alƙalai sun yarda matan gida ba sa tsayawa karanta takardar wuyan robar. Ashe ba sai mutum bai yi boko ba yake saye da ido.

Takardar Abuja kuma iyakarta iyakar ƙasa. Mai kai kaya Maraɗi, da ya wuce Jibiya ya shiga wata doka. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, shekara goma-goma. Tsarinsu ɗan gidan Faransa ne, ya fi ba wanda ya riga kai takarda ƙarfi. Najeriya da Gana ba sa ciki.

A Kantin Kwari abin ya ɗauki wani salo. Mace ta ɗaga atamfa, ta juya ta, ta bi rubutun gefe da yatsa, ta murza, ta duba takardar da aka manna. Mai shago bai ɓoye mata komai ba: "Hajiya, wannan Holan ce ta asali, wannan kuma kwafinta ce," ya faɗi kuɗi biyu masu nisa da juna. Ta zaɓi ta biyun tana sane. Wa aka yaudara?

Tambayar ta taɓa zuwa kotu, a kan ƙwallo. Matthew Reed ya shekara fiye da 30 yana sayar da ƙyallen wuya da huluna masu sunan Arsenal da hoton igwarta a wajen filin Highbury, ya kuma kafa allo a rumfarsa cewa kayan ba na kulob ɗin ba ne. Arsenal ta kai ƙara ta hanyoyin biyu. A 2001 alƙali ya ce sojan gona bai tabbata ba, don ba a nuna an ruɗi kowa ba. Maganar rajista kuwa ta tafi har Kotun Tarayyar Turai, ta dawo, a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Arsenal gaskiya. Cikin dalilan har da wannan: ƙyallen yana barin rumfa ya shiga gari a wuyan mutum, allon kuwa yana nan inda Reed ya kafa shi.